Yadda za ka koyar da tarihin Wernher von Braun a darasi ɗaya

Malam, idan kana son ɗalibanka su san mutumin da ya jagoranci ƙera rokar da ta kai ɗan Adam duniyar wata, ga tsarin da ya fi yi mini aiki.

Fara da rubuta shekaru huɗu a allo: 1912, 1942, 1945, 1969. Ta farko haihuwarsa ce a Wirsitz, garin da yanzu yake cikin Poland. Ta biyu, ranar 3 ga Oktoba, rokar yaƙi ta V-2, wadda ya jagoranci ƙera wa Jamus, ta tashi lafiya karo na farko daga Peenemünde da ke Jamus. A watan Mayun ta uku ya miƙa wuya ga sojojin Amurka. Ta huɗu kuwa Apollo 11 ce, tafiyar da ta fara sauke ɗan Adam a duniyar wata.

Daga nan kada ka yi gaggawar kai su wata, ka daɗe a Jamus. Faɗa musu ya shiga jam'iyyar Nazi a 1937, ya shiga SS, runduna ta musamman ta jam'iyyar, a 1940. Sannan ka bayyana musu Mittelwerk, masana'antar da aka haƙa a ƙarƙashin dutse kusa da Nordhausen, inda fursunonin sansanin Mittelbau-Dora suke harhaɗa rokokin cikin yunwa da duka. Kusan mutum 20,000 suka mutu a wannan sansani da rassansa, adadin da ya zarce na waɗanda V-2 ta kashe a Landan da Antwerp. Von Braun ya sha zuwa wurin, ya gani da idonsa. Ni dai ban yarda malami ya tsallake wannan ba, ko da lokaci ya ƙure.

Sai ka haye da su Amurka a gurguje: shirin Operation Paperclip da ya kwaso masana kimiyyar Jamus zuwa Amurka, zama a Fort Bliss da ke Texas, komawa Huntsville a 1950, takardar zama ɗan ƙasa a 1955, da harba Explorer 1, tauraron ɗan Adam na farko na Amurka, a Janairun 1958. A 1960 ya zama shugaban cibiyar Marshall ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, inda aka tsara Saturn V, rokar da ta ɗauki Apollo 11. Zana rokar hawa uku, ka nuna yadda kowane hawa ke faɗuwa da zarar mansa ya ƙare, rokar ta rage nauyi.

Minti goma na ƙarshe na muhawara ne. Ba su labarin Arthur Rudolph, wanda ya kula da aikin Mittelwerk, daga baya ya riƙe aikin Saturn V, sannan ya bar Amurka a 1984 bayan an tono tarihinsa. Von Braun ya mutu tun 1977, kafin binciken ya iso kansa. Raba ajin gida biyu: da ya rayu, me ya kamata a yi masa?