Yadda Ake Saka Tambaya Cikin Tambaya a SQL

A ce kana da teburi mai suna dalibai, mai ɗauke da lamba, suna da maki, kana neman waɗanda makinsu ya haura matsakaicin aji. SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, ba zai yarda ka sa AVG (mai fitar da matsakaici) kai tsaye a cikin WHERE (inda ake sa sharaɗi) ba, don haka sai an bi ta ƙaramar tambaya.

1. Fara rubuta ƙaramar ita kaɗai: SELECT AVG(maki) FROM dalibai. Gwada ta, ka tabbata lamba ɗaya ta fito. Kada ka tsallake wannan, domin in ta lalace a nan, gano matsalar daga baya wahala ne.

2. Saka ta cikin baka, a inda matsakaicin zai zauna: SELECT suna FROM dalibai WHERE maki > (SELECT AVG(maki) FROM dalibai).

3. Idan ƙaramar za ta dawo da layuka da yawa, alamar = ko > ba za ta yi ba, sai IN. Misali, waɗanda suka biya kuɗin makaranta, in lambobinsu na cikin teburi mai suna biya: SELECT suna FROM dalibai WHERE lamba IN (SELECT lamba FROM biya). Ginshiƙi ɗaya tak za ka zaɓo a ciki.

4. Ka yi hattara da NOT IN, kishiyar IN. Muddin akwai NULL (gurbin da babu komai a cikinsa) ko guda a sakamakon ƙaramar, babbar ba za ta fito da komai ba, kuma ba za ta nuna kuskure ba. Ƙara WHERE lamba IS NOT NULL a ciki, ko ka koma NOT EXISTS, wanda ni na fi amincewa da shi.