Shawara ga mai son koyon gyaran bindigar farauta

Assalamu alaikum. Matasa da dama a nan Bauchi suna tambaya ta inda za su fara, kuma a ganina bindiga ce abu na ƙarshe da ya kamata mai koyo ya taɓa.

Ka fara da magagari da awo. Ka ɗaure guntun ƙarfe, ka goga shi har fuskarsa ta daidaita, sannan ka ɗora masa rula ta ƙarfe ka ɗaga wajen haske. Matuƙar haske yana ratsawa ta ƙarƙashi, da sauran aiki. Bayan haka ka koyi karanta maikuromita, wadda take auna kashi 1 cikin 100 na milimita, kafin ka matsa kusa da injin fiƙe ƙarfe, inda ba a tsayawa da riga mai faɗin hannu domin injin yana fizgar tufa. Sashen injiniyanci na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi yana koyar da wannan.

Sai batun doka. Dokar makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izinin hukuma ba, ko da bindigar toka ce ta maharba, saboda haka ka nemi izinin a rubuce ta hannun 'yan sanda kafin ka karɓi aikin kowa.