Kurakuran da ma'aurata ke yi da kuɗin gida, har da wanda ya ci min babur

A wata biyun nan angwaye uku suka tare ni da kuka iri ɗaya: albashi ba ya kai ashirin ga wata, amarya ba ta iya tattali ba. Kowanne na yi masa tambaya ɗaya, "Ita ta san nawa kake samu?" Sai ya dube ni kamar na ce ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. Bakina ya gaji da maimaita magana a ƙofar masallaci, shi ya sa na zauna in rubuta.

Babban kuskuren, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne ɓoye samu. Da wannan karatun muka tashi: wai idan mace ta san albashinka ka shiga uku, buƙatu ba za su ƙare ba. Shekara tara ina bin sa sau da ƙafa. Kullum da safe in ajiye kuɗin cefane a kan firij in fice, ba ta tambaya, ba na bayani. Ita tana ganin akwai tulin kuɗi da na danne a wani wuri, ni kuma ina zargin tana ɓantarar wani abu daga cefanen. Ashe kowa ya ɗan yi gaskiya. Ni ina zubi a wurin aiki ba ta sani ba, ita ma tana nata adashin a unguwa, tana haɗa rarar cefane da ribar ƙanƙara da zoɓon da take sayarwa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata shekara haya da kuɗin makarantar yara suka haɗu a wata ɗaya, kwasata kuma saura wata huɗu. Mai gidan ya aiko sau biyu, na uku ya zo da kansa ya yi sallama a gaban maƙwabta. Ban gaya wa uwargida komai ba, girman kai ya hana. Na ɗauki babur ɗina na kai wa dillalai, suka ga idona ya yi ja, suka yi masa tayin wulakanci, na sallama. A wannan satin kwasarta ce ta zo, kuɗin da zai biya hayar har a yi canji. Da yake ba ta san halin da nake ciki ba, sai uwar adashin ta lallaɓe ta ta bar wa wata mai aurar da 'ya layinta, ita ta karɓa a ƙarshe. Kafin ƙarshen ya zo matar ta kwashe kayanta da daddare ta bar unguwar.

Ina kan tabarma bayan isha'i ta zo ta durƙusa. "Malam, akwai abin da na ɓoye maka." Ta faɗa tana kuka. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna ni ma cewa na yi mata babur yana wajen gyara. Muka yi shiru, fitila tana ci. Gida ɗaya, asara biyu, alhali da ɗayanmu ya yi magana ko ɗaya ba za a yi ba.

Tun daga ranar muka sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare. Daren da albashi ya shigo, bayan yara sun kwanta, in miƙa mata waya ta ga saƙon banki da idonta. Sai mu rubuta. Haya da kuɗin makaranta su ne farko, a raba na shekara gida goma sha biyu a cire kason watan kafin a taɓa komai. Sannan hatsi, wuta, mai, magani, da abin da za a ba iyayena da nata. Wasu abokaina na cewa na zubar da girmana. To, su riƙe girmansu. Ni dai tun lokacin ban sake sayar da abin hawa don haya ba.

Amma ku ji ni da kyau, ku mazan da za ku karanta wannan ku tafi kuna murna. Ban ce ka buɗe littafi don ka leƙa asusun matarka ba. Sadakinta nata ne, gadonta nata ne, ribar ɗinkinta da kitsonta tata ce. Ci da sha da tufafi da muhalli a wuyanka shari'a ta ɗora su. Na ga waɗanda da sun ji matar ta kwashi adashi sai su fara "ara min, ƙarshen wata zan ba ki", ƙarshen watan da ba ya zuwa har a aurar da autan gidan. Wannan ba haɗin kai ba ne, ƙwace ne da lallami, kuma shi ya koya wa mata ɓoyo. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ka ci bashin matarka, ka rubuta, ka biya. Shafin ƙarshe na littafinmu aikinsa ke nan. Adashi kuwa har yau muna yi, sai dai da mutanen da muka san gidan iyayensu, kuma kowa ya san ranar kwasar ɗan uwansa.

Kuskure na biyu da ya daɗe yana tsotse ni shi ne awon kullum. Kwano ɗaya yau, rabin kwano gobe, man gyaɗa a leda, kowane awo da ribar mai shago a kai. Yanzu da kaka ta yi, tsakanin Nuwamba da Disamba, nakan je kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano in sayi masara da gero da wake gwargwadon ƙarfina. A ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da farashin gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 a Kano cikin kwanaki, kayan abinci suka bi ta a guje. Abin da ya rufa mana asiri a damunar wannan shekarar buhunan da ke ɗaki ne. Sai dai na ci nake saya, ba na ɓoyo don riba ba. Waɗanda suka tara don su ninka sun ji a jikinsu da farashin hatsi ya faɗi a 2025. Kuma kada ka yi irin wautata ta shekarar farko, da na jingine buhun wake a lungu, bayan wata uku muka buɗe muka tarar da gari da ƙwari. Yanzu a jarka muke zuba shi, a shanya ya bushe sosai, a cika ta taf, a ɗaure murfin iska ba ta shiga.

Sai anko. Uwargida, ba kowane biki ne naki ba. Atamfa, ɗinki, gudummawa, kuɗin liƙi, ga na adaidaita zuwa da dawowa, duk don 'yar ƙawar maƙwabciya. A gidanmu anko na 'yan uwa na jini ne kawai. Kai kuma maigida kada ka yi dariya. Kai ne kake zama a majalisa ka ci tsire na dubu uku, ka biya wa mutum huɗu shayi, ka dawo gida kana tuhumar inda dunƙulen magi biyu suka shiga. Kuɗin majalisa ma a rubuta shi.

Sauran ƙanana ne. Duk wanda ya ce kawo dubu ɗari ka karɓi ɗari biyu a wata, ku gudu; MMM, mai irin wannan alkawarin ninka kuɗi, ta rufe da kuɗin mutane a Disamban 2016, 'yar uwarta CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, banza ba ta kai zomo kasuwa. Kada ku tara komai a ƙarƙashin katifa, kada kuma ku bar komai a banki. Wanda ya ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 ya san amfanin 'yan canji a gida. Idan kuɗin ruwa kuke gudu, akwai bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa: Jaiz yana aiki tun 2012, TAJ tun 2019. Ajiyar da za ta wuce shekara ni ba na barinta a naira, tunda na ga hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Ko tunkiya, ko ɗan kunnen zinare. Ragon layya a saye shi ƙarami tun kafin azumi in akwai wurin ɗaure shi. Cire dubu biyar-biyar a wajen mai POS sau shida a wata kyauta ce kake yi masa.

Littafinmu na yanzu shi ne na takwas. A watan jiya lissafi ya ƙi haɗuwa, dubu huɗu ta yi ɓatan dabo. Muka bi layi-layi har sau biyu. Can uwargida ta ajiye biro ta ce, "Malam, ranar Juma'ar nan da ka dawo ka ce ba ka jin yunwa, rigarka ƙamshin ƙuli take yi." Na karɓi biron na rubuta da hannuna: balangu, dubu huɗu.