Yadda Magidanci Zai Shirya Wa Ambaliya Kafin Marka Ta Kankama

A tsakiyar watan Yulin 2018, cikin dare, ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Jibiya. Kafin gari ya waye an rasa rayuka fiye da 40, ɗaruruwan gidaje sun rushe, dabbobi da ababen hawa sun bi ruwa. Mu da muka tashi a ƙasar Katsina mun fi sabawa da fargabar fari, shi ya sa da yawa daga cikinmu ke ɗaukar ambaliya a matsayin matsalar mutanen bakin Kwara da Binuwai. Daren Jibiya ya isa ya raba mu da wannan zato. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, yawancin aikin tsira daga ambaliya a bazara ake yin sa, lokacin da ƙasa take bushe, domin idan ruwa ya riga ya shigo tsakar gida, abin da ya rage wa mutum kaɗan ne.

Sanin asalin ruwan yana taimakawa wajen shiri. Daminarmu tana zuwa ne da iska mai ɗauke da laima wadda ke tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, tana ture busasshiyar iskar hamada zuwa arewa sannu a hankali, har ta kai iyakar tafiyarta a watan Agusta, wanda shi ne lokacin marka a wurinmu. Irin wannan iskar ce ke kai damina Indiya da Pakistan, inda a 2022 ambaliya ta shafi mutum miliyan 33 a Pakistan kaɗai, ta kuma kashe fiye da 1,700. A wannan shekarar ta 2022, mutum fiye da 600 ne suka rasu a ambaliyar Najeriya. Ɗumamar yanayi ta ƙara wa lamarin nauyi, domin duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tana iya ɗaukar ƙarin laima da ya kai kusan kashi 7 cikin 100, kuma wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ke nan ruwan da a da yake sauka a rarrabe cikin makonni, yanzu yana iya sauka a dare guda, a kan ƙasar da ba za ta iya shanye shi cikin hanzari ba.

Sauran dalilan kuwa daga hannunmu suke. Farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980 ya busar da ƙoramu da fadamu da dama, mutane suka ga fili ya kwanta babu ruwa shekara da shekaru, aka yanka fulotai aka sayar. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, waɗanda ke tare ruwan unguwa idan an yi mamako, an cike su da shara an gina shaguna a kai. An sare itatuwa, an malale tsakar gidaje da siminti, leda da robar ruwa sun toshe kwatoci. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, ko bayan shekara 30 ne zai dawo ya neme ta.

Saboda haka matakin farko shi ne ka san ƙasar da gidanka yake kai. Ka sami dattawan unguwa, ka tambaye su ta ina ruwa yake bi kafin a yi gine-gine, kuma iya ina ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yawa. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ka fito da zarar an ɗauke, ka zagaya gidan da ƙafarka, ka ga inda ruwa ya kwanta da inda ya tara yashi da tarkace, domin wannan ne taswirar da ba ta ƙarya. Wanda ke zaune a kwari, ko kusa da rafin Ginzo a cikin birnin Katsina, ko a ƙasan wata madatsa irin ta Jibiya, Zobe, Ajiwa ko Sabke, shirinsa ya kamata ya fi na kowa, kuma abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ya nuna dalili. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya a cikinsu, kuma gidajen rediyo suna kawo bayanin da Hausa. Sauraron wannan bai saɓa wa tawakkali ba. Sanin gaibu sai Allah, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin mu dogara.

Daga nan sai jikin gidan, kuma a nan nake so in daɗe, domin a garuruwanmu rushewar gini tana kashe mutane ko da ruwan bai kai gwiwa ba. Ka yi wannan lissafin: milimita ɗaya ta ruwan sama daidai take da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Idan rufin gidanka ya kai murabba'in mita 100, aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, to lita 5,000 ce ta sauko daga rufinka kaɗai, wato duro 25 na lita 200. Tambayar ita ce, ina wannan ruwan yake zuba? A gidaje da yawa amsar ita ce gindin bango.

Na taɓa tsayawa tare da wani tsohon magini a gaban katangar wani gida da ta faɗi bayan kwana uku ana yayyafi. Na ce masa, "Baba, ai ruwan bai yi wani ƙarfi ba, me ya kayar da ita?" Sai ya durƙusa ya damƙo ƙasa daga gindin katangar, ya matse ta a hannunsa, ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsunsa. Ya ce, "Ɗana, ginin ƙasa daga ƙafa yake mutuwa. In ka ba shi hula da takalmi, zai ga jikokinka." Hular da yake nufi ita ce rufi mai kyau, takalmin kuma shi ne dakalin da ke kare gindin bango.

Don haka tun a watan Afrilu ko Mayu a hau soro a duba daɓe, a toshe duk wata tsaga, a sabunta yaɓe, a share bakin indararo, a kuma tabbata yana da tsawon da zai watsa ruwa nesa da bango. Inda ruwan indararo yake sauka a jera duwatsu ko a yi ɗan daɓen siminti mai gangara zuwa waje. A kewaye gindin bango da dakali mai gangare, ko na siminti ko na dutse da ƙasa da aka kirɓa sosai. A duba azara, musamman bakinta da ke cikin bango, domin a nan gara da ruɓa suke ɓuya, kuma soron da ya sha ruwa nauyinsa yana ƙaruwa ƙwarai. Mai rufin kwano ya bi ƙusoshi ya ɗaure abin da ya saki, saboda hadarin farkon damina da iska yake zuwa daga gabas. Mai ginin bulo kada ya saki jiki, domin bulon da aka yi wa rowar siminti, aka ɗora shi a kan tushe marar zurfi, ba ya jure zaman ruwa. Idan titin unguwa ya fi tsakar gidanka tudu, wanda hakan ke faruwa duk inda aka yi ciko, a ɗaga dokin ƙofa, a kuma tanadi buhunan yashi a ajiye a zaure.

Kwata aikin unguwa ce gaba ɗaya. Idan ka yashe ta ƙofar gidanka, na ƙasa da kai bai yashe tasa ba, ruwan zai dawo maka. A yi magana da mai unguwa da limami a sa ranar gayya kafin ruwa ya sauka, a faro daga inda kwatar take ƙarewa a hauro sama, sannan a kwashe abin da aka fitar a ranar. Abin takaici ne yadda ake tara dattin a bakin kwata, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Al'adar fitowa da kwandon shara a juye cikin kwata idan hadari ya haɗo, da sunan ruwa zai tafi da ita, ita ce ke toshe kwalbati a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

A ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, a duba ramin masai, idan ya kusa cika a kwashe kafin damina. Buhunan hatsi da taki su hau kan katako ko bulo, kada su jingina da bango. Takardun gida da na gona, katin ɗan ƙasa, shaidar karatun yara da maganin da wani ke sha kullum, a haɗa su a leda mai kauri cikin jaka ɗaya, a rataye a inda uwargida da babban yaro suka sani, tare da tocila da ɗan kuɗi.

Akwai shawarar da dole a yanke ta da rana tsaka, hankali kwance: ina za mu je, ta wace hanya, kuma wa zai ɗauki wa? A zaɓi wuri mai tudu, makaranta ko masallaci ko gidan dangi, a raba nauyin tsofaffi da jarirai da marasa lafiya a kan mutane da sunansu. A tuna da almajiran da ke kwana a zaure ko a rumfar bakin kwata. Na ga yadda kunyar a ce mutum ya gudu daga gidansa take zaunar da magidanta har lokaci ya ƙure, kuma wannan kunyar ba ta da wani amfani. Idan ruwa ya fara shigowa ɗaki, ko bango ya jiƙe har sama da gwiwa, ko aka ji ƙasa tana zubowa daga rufi, ko wata sabuwar tsaga ta bayyana, a fita nan take. A kashe wutar lantarki daga babban makunni matuƙar wurin a bushe yake, a kwance dabbobi daga turke, domin akuyar da ke ɗaure ba ta da hanyar tsira, sannan a buga wa maƙwabta ƙofa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

A hanya kada a shiga ruwa mai gudu. Wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, na santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, na santimita 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci. Cikin duhu ba a bambance titi da buɗaɗɗiyar kwata. Mai babur ko direban da ya iske ruwa ya haye gada, ya tsaya ya jira, domin ruwan gulbin ƙasarmu yakan janye cikin sa'o'i kaɗan. Yara kuma a hana su wanka a kududdufi da ramukan da aka haƙi yashi.

Janyewar ruwa ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Bangon da ya sha ruwa yana iya faɗuwa bayan kwanaki, rana tana haske, saboda haka kada a koma kwana a ɗaki sai magini ya duba. A shiga da sanda da takalmi, domin macizai da kunamu ma tudu suke nema. Rijiyar da ambaliya ta shiga ta gauraya da ruwan masai, ba a shan ta sai an yashe an zuba sinadarin kulorin, kafin nan kuma a tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓararraka. Abincin da ruwan ya taɓa a zubar da shi, komai zafin asarar. Amai da gudawa suna iya kashe mutum cikin sa'o'i, don haka duk wanda ya fara a soma ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, a kuma garzaya da shi asibiti. Idan babu na sacet, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duka a shafe ba a toro ba, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Makonni kaɗan bayan haka sauro zai yawaita, sai a ɗaura gidan sauro, a kuma karɓi maganin rigakafin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar a lokacin damina.

Manomin da ruwa ya kwanta masa a gona ya buɗe bakin kunya ya sallame shi da wuri, domin gero da wake da gyaɗa ba sa jure kwanciyar ruwa. Kafin a fara gyara, a ɗauki hoton ɓarnar da waya, a kai suna wurin mai unguwa ko dagaci, domin ta hannunsu ne jami'an hukumomin agajin gaggawa na jiha da na ƙasa, wato SEMA da NEMA, suka saba bi wajen tantance waɗanda abin ya shafa.

Idan an zo sake gini, kada a tayar da bango a kan tushen da bai bushe ba, kuma a ɗaga daɓen ɗaki ya wuce alamar da ruwa ya bari a jikin bango. Wanda ruwa ya ci gidansa sau biyu a wuri ɗaya kuwa, ina ba shi shawara ya zauna da iyalinsa da 'yan'uwansa a duba yiwuwar neman fili a kan tudu, ko da ƙarami ne, kafin a sayi bulo ko ɗaya.