Kurakuran da ɗaliban ilimin laifuka da shari'a suke ta maimaitawa

Na yi shekaru sanye da kaki kafin na koma aji ina koyarwa, kuma babu shekarar da ba na ganin sababbin ɗalibai sun faɗa ramukan da na gabansu suka faɗa, har na gaji da yi musu bayani ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne zaton cewa digiri shi kaɗai ke mayar da mutum jami'i. A yawancin ƙasashe sai ka ratsa makarantar horon 'yan sanda, an gwada lafiyarka da ƙarfin jikinka, an kuma binciki tarihin rayuwarka, don haka ka nemi sharuɗɗan hukumar da kake hari tun daga shekarar farko.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne raina rubutu. Ɗalibi yakan ɗauki darasin rubuta rahoto a matsayin cikon benci, alhali rabin aikin ɗan sanda a kan takarda yake ƙarewa. Ni ma haka na ɗauke shi, kuma na gane kurena. A shekarata ta biyu a bakin aiki na rubuta cewa wani direba "ya yi kama da mai maye", na sa lokacin "da misalin ƙarfe tara", alhali rajistar ofis ta nuna tara da minti 40. Bayan watanni, lauyan wanda ake ƙara ya titsiye ni a gaban alƙali, yana riƙe da takardar da yatsu biyu kamar ƙazanta, ya ce in faɗa wa kotu me na gani da idona wanda ya sa na ce mutumin na cikin maye. Na san idanunsa sun yi ja, na san yana tangaɗi, amma ko ɗaya ban rubuta ba, kuma abin da ba a rubuta ranar ba, lauya yakan ce daga baya aka tsara shi. Aka sallami mutumin, na fito zufa na keto mini. Tun daga ranar ba na rubuta komai sai na fara sa lokaci, ina kuma raba abin da na gani da abin da aka gaya mini da abin da nake zato, sannan in karanta rahoton da ƙarfi kamar ni ne lauyan da zai yage shi. Wasu abokan aiki suna ganin ɓata lokaci ne. Ban daina ba.

Na biyu a tsada shi ne sakaci da kayan shaida, kuma a nan ba ni da haƙuri. Kowannenku ya haddace Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a birnin Liyon na Faransa a 1910, da ƙa'idarsa cewa duk abin da ya taɓa wani abu sai ya bar alama. Kuna rubuta ta a jarrabawa ku ci maki, amma da zarar an kai ku wurin gwaji sai a ga kun dafa ƙofa da hannu tsirara, kun taka sawun da aka zo aunawa. Shin kun manta cewa ƙa'idar ta haɗa da ku? Haka nan jakar shaida: duk hannun da ta ratsa sai an rubuta suna da lokaci da sa hannu, domin awa uku da ba a san inda take ba sun isa kotu ta yi shakkar abin da ke cikinta.

Akwai kuma masu ganin cewa da zarar mutum ya amsa laifi bincike ya ƙare. A 1986 wani matashi a yankin Lesta na Ingila ya amsa kisan wata yarinya, amma gwajin ƙwayoyin halitta na DNA da Alec Jeffreys ya gano a 1984 ya wanke shi, aka kuma yanke wa ainihin mai laifin hukunci a 1988. Tsoro da gajiya da doguwar tambaya suna sa mutum ya amsa abin da bai yi ba.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Kada ka guje wa darasin ƙididdiga, domin da alƙaluma ake tsara sintiri. Ka kula da abin da kake wallafawa a kafafen sada zumunta, saboda masu tantancewa suna dubawa. Hukuncin Miranda na 1966, wanda ya wajabta sanar da wanda aka kama haƙƙinsa na yin shiru da samun lauya kafin a yi masa tambayoyi, na Kotun Ƙolin Amurka ne, amma ko a zangon da ya wuce sai da na ja layi da jan biro a takardun ɗalibai da dama da suka kafa hujja da shi, ba tare da sun buɗe dokar ƙasar da za su yi aiki a cikinta ba.