Yadda za ka buɗe wa motar gas (dizal) hanyar shan iska

In babbar motarka na tiƙa baƙin hayaƙi kuma tana nishi a hawa, sau da yawa iska ce ta yi mata kaɗan.

1. Kashe inji, ka bari ya huce. Cire filtar iska ka haska tocila ta cikinta. In haske bai ratso ba, ta gama aiki, sa sabuwa. Kada ka buga ta da taya yadda yaran gareji ke yi, takardar cikin tsagewa take.

2. Bi tiyon daga gidan filta har zuwa turbo, wato na'urar da ke tura iska da ƙarfi cikin inji. Duk inda ya lotsa ko ya yi kwana mai tsanani, nan iska ke maƙalewa. A Panteka, kasuwar maƙera, za a lanƙwasa maka bututun alminiyam mai santsin ciki. Faɗinsa kada ya gaza na bakin turbo.

3. Wannan ne babban aikin: mayar da bakin shan iskar waje, nesa da zafin inji, don iska mai sanyi ta fi yawan iskar oksijin. Ɗaga shi sama ta bayan kan mota, saboda ƙurar hunturu da ta hanyar Birnin Gwari, ka sa masa hula don damina. Masu cewa a cire filta gaba ɗaya, rabu da su. Ƙura sai ta cinye fukafukan turbo da ringin fistin.

4. Ɗaure kilif-kilif tam, kada ka mance tsumma a ciki. Tada mota ka saurara, in ka ji ƙarar fito, mai yiwuwa akwai inda iska ke yoyo.