Yadda mai hoto zai adana gyaransa ya riƙa ɗora shi a kan sauran hotuna

Da zarar an kai amfanin gona gida, kuɗin riɗi da gyaɗa sun shiga hannu, sai bukukuwa su kankama a garuruwanmu. Mai hoton da ke zagaya ƙauyukan Ringim ko Dambatta a kan babur yakan dawo daga biki ɗaya da ɗaruruwan hotuna: ɗaurin aure a ƙofar masallaci da hantsi, yini a tsakar gida, kamu da dare a hasken janareta. Gari na wayewa dangin amarya sun fara kira. In ya ce sai ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, caji zai ƙare aiki bai yi rabi ba, kuma ba za su fito bai ɗaya ba. A wannan hoton ankon kore ne shar, a na gaba ya koma ruwan toka.

Abin da ke raba mutum da wannan wahala shi ne firiset. Duk sanda ka gyara hoto, manhajar tana riƙe da lissafin abin da ka taɓa: haske ya ƙaru da kaza, launi ya ragu da kaza. Idan ka ajiye lissafin nan da suna, ya zama firiset ke nan, taɓawa ɗaya za ta ɗora shi a kan wani hoton. Kamar awon da tela ke rubutawa a littafi ne, yana hutar da shi, amma awon uba ba ya zama a jikin ɗa. Don haka kada ka nemi firiset ɗaya da zai yi maka komai. Kowane irin haske a yi masa nasa.

Zan yi bayanin da Lightroom na waya, na kamfanin Adobe, domin ana iya ƙirƙirar firiset a cikinsa ba tare da an biya ko sisi ba. Buɗe akawun ne yake buƙatar data da farko; gyaran kansa yana yiwuwa ko babu sabis.

Zaɓen hoton farko

Kada ka fara da hoton da ya fi kowanne kyau, kada kuma ka fara da wanda ya lalace. Nemi na tsaka-tsaki, wanda akwai fuska a ciki, da farin tufa, da wani kaya mai launi. Ka shiga ɗaki ko inuwa, ka mayar da hasken fuskar wayar tsakiya. Wanda yake gyara a rana da haske a ƙure yaudarar idonsa yake yi, sai an wanke hoton a takarda ya ga ya yi duhu.

Gyaran kansa

Fara da daidaita fari. A sashen “Color” akwai ɗan tsinken zaɓen launi. Ka ɗora shi a kan abin da ka tabbata fari ne, manhajar za ta daidaita sauran. A nan akwai tarkon da ya kamata mai hoton ƙasarmu ya sani: farar shaddar da aka wanke da bula ba fara ce tsantsa ba, akwai shuɗi a jikinta. Ka ɗora tsinken a kanta, sai manhajar ta rama da rawaya, kowa ya fito ɗorawa-ɗorawa. Abin da ya fi, kafin ka fara ɗauka a kowane wuri, ka ba wani yaro farar takarda ya riƙe kusa da fuskarsa ka ɗauke shi. Da wannan takardar za ka yi awo.

Sai sashen “Light”. Ranarmu tana da zafi, farar babbar riga kuwa ita ke fara ƙonewa a hoto. Ja “Highlights” baya har sai ka ga aikin wuyan rigar ya bayyana zare-zare. Ɗaga “Shadows” don fuskokin da hula ko mayafi ko inuwar darbejiya ta rufe. Idan lokacin hunturu ne, ƙura ta sa hoton ya yi fari-fari, je “Effects” ka ƙara “Dehaze”. A ganina 10 zuwa 20 ya wadatar. Wuce haka yana baƙanta fuska, yana sa launin kaya ya yi ihu.

Yanzu ga inda nake so a tsaya, wato fata. A cikin “Color” akwai wurin haɗa launi mai launuka takwas, kowanne da maja uku, wato layukan da ake ja da yatsa don ƙarawa ko ragewa: irin launin, ƙarfinsa, da haskensa. Fatar mutum, fari ne ko baƙi, yawancinta a launin ruwan lemo (“Orange”) take, kaɗan a ja. A can ne kuma jan lalle yake, da katangar jar ƙasa. Duk abin da ka yi wa ruwan lemo, ka yi wa fuskar kowa a bikin. Wasu sukan ɗaga haskensa har ƙarshe don amarya ta yi fari, su adana hakan a firiset, sai ka ga an bi gari guda an yi masa bilicin. Wannan yana damuna ƙwarai. Hoton aure abin ajiya ne, jikoki za su gani, ya kamata su ga kakarsu da kalar da Allah ya yi ta. Ɗaga shi kaɗan don fuska ta yi annuri, ka tsaya nan. Wannan dalilin ne ma ya sa ba na ba da shawarar firiset ɗin da ake saukewa barkatai daga intanet. Da yawansu an yi su ne a hasken Turai da fatar Turawa, suna kashe kore, suna mayar da baƙar fata toka-toka ko ja-ja-ja.

Adanawa

Idan hoton ya kwanta maka, taɓa ɗigo uku da ke sama, ka zaɓi “Create Preset”. Za a nemi suna da rukunin da za a saka shi, a ƙasa kuma ga jerin sassan gyara da ɗan akwati a gefen kowanne. Mutane da yawa sukan wuce akwatunan nan da sauri, alhali a nan aikin yake. Abin da ka sa wa alama shi kaɗai firiset zai taɓa a sabon hoto, sauran zai bar su yadda ya same su.

Buɗe “Light” ka cire alamar “Exposure”, wato majar hasken hoton gaba ɗaya. Ko a wuri ɗaya aka yi ɗauka, wani hoton ya fi wani haske, don haka wannan majar da hannu za ka riƙa ja. Ka cire duk abin da ya shafi hoto ɗaya tak, irin miƙe karkataccen hoto ko haskaka wani ɓangare kaɗai. Daidaita fari kuma ya danganta da yadda ka yi ɗauka. In kyamararka ita ke zaɓa wa kanta, kowane hoto da nasa yake zuwa, gara ka bar shi waje. In kuwa ka kulle shi, misali a wajen 5500K na hasken rana, saka shi ciki babu matsala.

Suna ya faɗi haske, ba kwalliya ba: “Hantsi hunturu”, “Inuwar bishiya”, “Zaure”, “Kamu dare”. Ranar da aiki ya yi maka yawa ba za ka tuna mene ne “Na musamman 2” ba.

Kafin ka amince da shi, gwada shi a hotuna mabambanta: tsoho mai furfura, yarinya wankan tarwaɗa, taron mata da anko. In ya ɓata ɗaya, koma ka sassauta, sannan ka taɓa ɗigo ukun da ke gefen sunansa ka zaɓi “Update With Current Settings”. Haka za ka yi idan damina ta sauka, sararin sama ya wanke, gonaki suka yi kore, ko kuma ka yi mata nata daban.

Ɗorawa a kan sauran

Buɗe hoto, shiga “Presets”, nemi naka a ƙarƙashin “Yours”, taɓa. Sannan ka ja “Exposure” har fuska ta zauna. Tun 2022 Adobe ta ƙara majar ƙarfi da ke tafiya daga 0 zuwa 200. 100 shi ne yadda ka adana, in ya yi yawa a wani hoton sai ka sauke. Kuma tunda firiset ba ya taɓa abin da ba a sa masa alama ba, kana iya jera biyu. Ka yi wani ƙarami wanda rage ɗigo-ɗigon hoton dare ne kawai aikinsa, daga sashen “Detail”, ka riƙa ɗora shi a kan na launi. Liƙa gyara a kan hotuna da yawa lokaci guda a waya yana cikin abubuwan da sai mai biyan kuɗin wata.

Mai ƙaramar waya kuma ga Snapseed na Google, kyauta ne, ba ya neman data. Bayan ka gama gyara, koma layin salo, “Looks” ko “Styles”, ka ja shi har ƙarshe, ka taɓa alamar tarawa ka ba shi suna. Yana kuma iya mayar da gyaranka lambar QR ta hanyar “QR look”. Ka buga ta a takarda ka manna a bangon shago. Yaronka ya buɗe hoto, ya haska lambar, gyaranka ya hau. 

Wanda yake da laftof da Lightroom Classic shi ya fi kowa hutawa. A sashen “Develop”, Ctrl+Shift+N ke buɗe wurin adana firiset. Ka gyara hoto ɗaya, ka zaɓi duk 'yan'uwansa da aka ɗauka a wuri guda, Ctrl+Shift+S ya watsa musu gyaran. Tun sigar 7.3 ta 2018 firiset ɗin a fayil ɗin XMP yake zama, wanda Camera Raw na Photoshop ma yake karantawa.

Kada ya tafi da waya

Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a cinkoson kasuwar Wudil ko Maigatari, mai gyara yana iya goge ta. Ka fitar da firiset ɗinka waje tun yau. A Lightroom na waya, ɗora shi a kan wani hoto, ka shiga wurin fitarwa, “Export as”, ka zaɓi DNG. Wannan fayil yana tafiya da lissafin gyaran a cikinsa. Ka ajiye shi a memori, ranar da ka shiga gari mai sabis ka ɗora shi a Google Drive. In ta WhatsApp za ka tura, a matsayin takarda (“Document”) za ka tura shi, ba hoto ba, don ya isa yadda yake. A sabuwar waya sai ka shigo da shi, ka buɗe, ka sake “Create Preset”.

Ka kula da hoton da za ka yi wannan da shi. Duk wanda ka tura wa fayil ɗin zai ga hoton da ke ciki, kuma daga hannunsa ba ka san inda zai nufa ba. Kada ka yi amfani da hoton amaryar mutane ko na matan gidan da aka amince maka ka shiga. Ɗauki bangon shagonka ko babur ɗinka, ka ɗora firiset ɗin a kai, shi za ka fitar. A kwamfuta kuwa, danna maɓallin dama a kan rukunin firiset ɗin, zaɓi “Export Group”, ka kwafe abin da ya fito zuwa filashi.